Shugaban ƙasar Najeriya: ina ikonsa ya kai, kuma wa ke taka masa birki?

Ranar 29 ga Mayun 2023 ina zaune a shagon wani mai gyaran waya, mun yi cincirindo a gaban ƙaramar talabijin muna kallon rantsar da Bola Tinubu a Dandalin Eagle. Yana cikin jawabi sai ya ce tallafin mai ya tafi. Babu wanda ya kula sosai a shagon, in ban da wani ɗan acaɓa da ya ajiye kofin shayinsa ya fita da sauri. Kafin la'asar gidajen man unguwarmu sun ja ƙofa, waɗanda suka bari a buɗe kuma layi ya kai bakin titi. Cikin kwana biyu zuwa uku litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ba a kai ƙudiri majalisa ba, ba a naɗa minista ko ɗaya ba tukuna. Mutum ɗaya ya buɗe baki, kuɗin mota da na gero suka tashi daga Badagry har Baga.

Wanda ya ga wannan zai rantse cewa shugaban Najeriya sai abin da ya ga dama. Amma wannan mutumin dai ba shi da ikon korar kansila a ƙaramar hukumar Dala, ba zai iya yanka wa kansa fuloti a Gusau ba sai da sa hannun gwamna, kuma a doka ko kwabo ba zai fitar daga baitulmalin tarayya ba sai majalisa ta yarda. Duka biyun gaskiya ne. (Ko maganar tallafin ma tana da madogara: dokar man fetur ta 2021 ta riga ta tanadi sakin farashi, kasafin da Buhari ya bari kuma bai ware kuɗin tallafi ba bayan watan Yuni.)

Ba haka kujerar ta faro ba. Lokacin da Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, Nnamdi Azikiwe (Zik) ne shugaban ƙasa, amma mulki yana hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zik na karɓar jakadu da duba faretin girmamawa, Ɓalewa na riƙe da gwamnati. Da aka yi zaɓen rikici na Disambar 1964, Zik ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi 'yan kwanaki tana kallon shugabanni biyu, kafin ya sauko a farkon Janairun 1965. Wannan darasi na cikin abin da ya sa kwamitin da Murtala Muhammad ya kafa a 1975, ƙarƙashin Rotimi Williams, ya zaɓi tsarin Amurka: a haɗa komai a hannun mutum ɗaya da dukan ƙasa ta zaɓa. Da shi Shehu Shagari ya hau a 1979, kuma shi kundin tsarin mulki na 1999 ya gada. Sashe na 130 ya ɗora wa mutum ɗaya hula uku: shi ne shugaban ƙasa, shi ne shugaban ɓangaren zartarwa, shi ne babban kwamandan askarawa.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Haifaffen ɗan ƙasa, mai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), wanda jam'iyya ta tsayar, mai ilimin da ya kai na sakandare ko makamancinsa. Wanda ya fi cizo shi ne na ƙuri'a: rinjaye kaɗai bai isa ba, sai an samu kashi 25 cikin 100 a biyu bisa uku na jihohi. An yi shi ne don kada wani ya hau da ƙuri'un yankinsa kaɗai. Tun ranar farko ya jawo shari'a, domin a 1979 jihohi 19 ne, Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano kuma ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20, sai da Kotun Ƙoli ta zauna a kan lissafin sha biyu da biyu bisa uku.

In ka tambaye ni inda ƙarfin kujerar yake, zan ce a alƙalamin naɗi. Ministoci, hafsoshin tsaro, Sufeto Janar na 'yan sanda, jakadu, gwamnan Babban Banki, shugaban hukumar zaɓe, shugaban EFCC, Alƙalin Alƙalai, da ɗaruruwan shugabannin hukumomi da mambobin gudanarwarsu, duk ta teburinsa suke bi. Shi ya sa bayan kowane zaɓe otal-otal ɗin Abuja ke cika da masu babbar riga da takardun tarihin aiki a hammata. Kundin ya sa takunkumi a wurare da dama. Dole kowace jiha ta samu minista ɗan asalinta, dole a kula da daidaiton rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa, manyan naɗe-naɗe kuma sai Majalisar Dattawa ta tantance. Tun gyaran 2023 ma an ba shi kwana 60 kacal ya miƙa sunayen ministoci, abin da kowa ya san daga ina ya samo asali: Buhari ya hau a Mayun 2015, ministocinsa ba su sha rantsuwa ba sai Nuwamba. Alƙalai kuwa ba ya ɗauko su daga aljihu, sai wanda Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta miƙa masa.

Majalisar Dattawa takan nuna haƙora jefi-jefi. A Agustan 2023 ta ƙi tabbatar da Nasir El-Rufai, kuma bai zama minista ba. Amma dubi labarin Ibrahim Magu. Sau biyu sanatoci suka ƙi shi a matsayin shugaban EFCC, a Disambar 2016 da Maris ɗin 2017. Buhari bai yi musu da su ba, bai kuma kawo wani ba. Ya bar shi a matsayin muƙaddashi, ya ci gaba da zama a ofis har Yulin 2020. Majalisa ta yi amfani da ikonta daidai yadda aka rubuta, mutumin kuma bai motsa daga kujera ba.

Kalmar "muƙaddashi" tana da ƙanwa, ita ce "dakatarwa". Akwai muƙaman da aka yi musu katanga don kada shugaban ƙasa ya riƙa wasa da su. Gwamnan Babban Banki, alal misali, ba a cire shi sai da goyon bayan biyu bisa uku na sanatoci, wato 73 cikin 109. Haka Alƙalin Alƙalai, haka shugaban hukumar zaɓe. To amma dokar cirewa ta ambata. A ranar 20 ga Fabrairun 2014 Goodluck Jonathan ya dakatar da gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi, bayan ya yi zargin cewa dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusu ba, gwamnati kuma ta ce saboda sakaci da kuɗin banki ne. A Janairun 2019, ana saura makonni kaɗan a yi zaɓe, Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata. A Yunin 2023 Tinubu ya dakatar da gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele. Shugabanni uku, jam'iyyu biyu, dabara ɗaya, kuma a cikin mutum ukun babu wanda ya koma kujerarsa. Ko da mutum yana ganin wasunsu sun cancanci abin da ya same su, ƙofar da aka bi ba ita kundin ya nuna ba.

Yin doka aikin majalisa ne, amma ƙudiri ba ya zama doka sai shugaban ƙasa ya rattaba hannu, kuma yana da kwana 30 ya sa ko ya ƙi. In ya hau kujerar na-ƙi, majalisun biyu na iya tsallake shi da biyu bisa uku kowacce. An taɓa yi: a shekarar 2000 suka zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, Obasanjo yana ji yana gani. Irin wannan ba su da yawa. Buhari ya mayar da gyaran dokar zaɓe sau da dama a 2018, ya sake mayarwa a Disambar 2021 saboda batun zaɓen fidda gwani na 'yar tinƙe, majalisa ta yi ta kumfar baki, a ƙarshe ita ta gyara masa ya sa hannu a Fabrairun 2022. Tara sanatoci 73 da wakilai 240 su tsaya gaban mutumin da ke juya jam'iyyarsu, wanda tikitin takararsu na gaba ke iya maƙalewa a hannun mutanensa, ba ƙaramin aiki ba ne.

Kuɗi ma haka. Shi ke kawo kasafi, majalisa ta tattauna, ta ƙara nan ta rage can (daga nan ne rigimar cushe ke tasowa kusan kowace shekara), ta mayar masa. Amma bayan an sa hannu, sakin kuɗin yana hannun ɓangarensa, kuma aikin da ba a sakar wa kuɗi ba sunansa rubutu a takarda. Sannan ga ƙofar baya. Dokar Babban Banki ta yarda gwamnati ta ranci ɗan abin toshe giɓi, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata ba. A zamanin Buhari wannan rance ya kumbura har ya kai naira tiriliyan 22.7, kuma a Mayun 2023, ana gab da miƙa mulki, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. An kashe kuɗin kafin a nemi izini.

A batun bindiga, kundin ya fi kaffa-kaffa. Shugaban ƙasa ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, ba zai tura soja yaƙi a waje ba sai da amincewar Majalisar Dattawa. In abin gaggawa ne yana iya turawa, amma ya nemi yardarsu cikin kwana bakwai da fara faɗa. Mutanen Arewa sun ga amfanin wannan sashe da idonsu. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin jagorancin Tinubu ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Ya rubuta wa sanatoci. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba da su ba, domin jihohi bakwai ne ke kan iyakar, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno, kuma mutumin Illela ba ya ɗaukar na Ƙonni a matsayin baƙo. Ranar 5 ga Agusta majalisar ta ba shi shawarar a bi hanyar sulhu. Ba a yi yaƙin ba. Sai dai rufe iyaka da yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar ba su buƙaci ƙuri'ar kowa ba, kuma 'yan kasuwar Jibiya da Maigatari sun ɗanɗana.

A cikin gida kuwa, rundunar 'yan sanda ɗaya kundin 1999 ya kafa, kuma linzaminta yana Abuja. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma in ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, kwamishinan na da damar cewa a bari sai an ji daga sama. Saboda haka in aka ɗora wa shugaban ƙasa alhakin matsalar tsaro, ba a zalunce shi ba.

Inda ake ɗora masa abin da ba nasa ba shi ne harkokin yau da kullum. Firamaren da rufinta ya yaye, asibitin sha-ka-tafi da babu ko auduga, albashin malaman jiha, kwatar unguwa, duk waɗannan na jiha ne da ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Naɗa sarki da tuɓe shi ma ikon jiha ne, kamar yadda aka gani a Kano a Maris ɗin 2020. Daga asusun tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kusan rabin abin da ake rabawa ke nan ba ya ƙarƙashin shugaban ƙasa, kuma ina ganin gwamnoni da yawa sun ji daɗin yadda talaka ke tsallake su ya kai kukansa Abuja. Gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne. Da Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas a 2004 saboda jihar ta ƙirƙiro sababbi, Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan hurumi. Kuɗin dai ba su fito duka ba sai da Umaru 'Yar'aduwa ya hau a 2007. Gwamnan da aka yi wa hakan shi ne Tinubu.

Shi ya sa dokar ta-ɓaci ta fi komai tayar da jijiyar wuya, don nan ne kaɗai hannun Abuja ke shiga har cikin gidan gwamnati na jiha. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa damar ayyana ta in doka da oda sun rushe ko suna gab da rushewa, da sharaɗin majalisun biyu su amince da biyu bisa uku cikin kwana biyu in suna zama, ko goma in suna hutu, kuma wata shida take yi sai in an sabunta. Sashen bai ambaci sauke gwamna ba. Duk da haka Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye a Filato a Mayun 2004 ya naɗa Janar Chris Alli kantoma, ya sake naɗa kantoma a Ekiti a 2006. Jonathan ya ayyana ta a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, wuraren da ake yaƙi na gaske, amma ya bar gwamnoni a kujerunsu. Tinubu ya koma salon Obasanjo a Ribas ranar 18 ga Maris 2025: gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jiha duk suka tafi hutun dole na wata shida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda majalisun tarayya suka amince, da ƙuri'ar murya. Masu "eh" su ce eh, a buga guduma. Ta yaya kunne ke tantance cewa muryoyin nan sun cika 240?

Kotu na iya ce wa shugaban ƙasa ya yi kuskure, kuma ta sha faɗa. Ta hana Obasanjo ayyana kujerar mataimakinsa Atiku a matsayin wadda babu kowa a kanta lokacin da ya sauya jam'iyya, ta soke umarnin Buhari mai lamba 10 kan kuɗin majalisu da kotunan jihohi a 2022. Matsalar ita ce kotu ba ta da ɗan sanda nata. Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya samu beli daga kotuna daban-daban, amma ya zauna a tsare daga Disambar 2015 har Disambar 2019. Lokacin canjin kuɗi, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun 500 da 1000 su ci gaba da yawo. Kashegari na miƙa wa mai tumatir a kasuwa tsohuwar ɗari biyar, na ce masa ai kotu ta yanke hukunci. Ya juya ta, ya miƙo mini abata. "Alhaji, kotu daban, Baba daban. In ya faɗa da bakinsa ka dawo." Sai bayan kwana goma Babban Banki ya fitar da sanarwa, sannan kasuwa ta karɓa. Mai tumatir bai karanta kundin ba, amma ya san wa ake jira.

Shi kansa shugaban yana sanye da rigar kariya ta sashe na 308: muddin yana kan mulki ba a kama shi, ba a gurfanar da shi, ko da yake ana iya bincikensa a ajiye fayil. Yana kuma iya yi wa wanda aka ɗaure kan laifin tarayya afuwa bayan ya tuntuɓi Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Da wannan Shagari ya buɗe wa Ojukwu hanyar dawowa gida a 1982, da shi kuma Buhari ya saki tsofaffin gwamnoni Dariye da Jolly Nyame a 2022.

To ta yaya ake sauke shi? Hanyar tsigewa doguwa ce da gangan. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisun tarayya su sa hannu a takardar zargi, kowace majalisa ta yarda da biyu bisa uku a yi bincike, Alƙalin Alƙalai ya kafa kwamitin mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, a sake neman biyu bisa uku. An tsige gwamnoni, tun daga Balarabe Musa a Kaduna a 1981, amma ba a taɓa tsige shugaban ƙasa ba. Mafi kusa shi ne Agustan 2002, da Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Na'Abba ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka, aka shiga tsakani, magana ta bi ruwa. Hanyar rashin lafiya ta fi wannan wuya, don ministocin da shi ya naɗa ne za su fara cewa ya gaza. Da 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwambar 2009 bai bar wasiƙar miƙa mulki ba, ƙasa ta yi sama da wata biyu ba mai sa hannu. A ƙarshe majalisa ta ɗauki 'yar gajeruwar hirar da ya yi da BBC ta waya a matsayin sanarwar cewa ba shi da lafiya, ta mai da Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairun 2010. Daga baya aka gyara sashen: in shugaba ya yi kwana 21 bai aiko wasiƙa ba, majalisa na iya miƙa wa mataimaki.

Iyakar da ta fi riƙewa zuwa yanzu ita ce ta wa'adi, shekara huɗu sau biyu. An gwada ta a 2006, lokacin da aka cusa zango na uku cikin jerin gyare-gyaren kundin (Obasanjo ya sha musanta cewa shi ya nema). Aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya yi magana yana sane mutanen mazaɓarsa na kallo. Ranar 16 ga Mayu, shugaban Majalisar Dattawa Ken Nnamani ya nemi masu goyon bayan a ci gaba da ƙudirin, ya buga guduma, maganar ta mutu.

A Nijar Mamadou Tandja ya nemi irin wannan tazarce a 2009, kuma can ma an ce masa a'a. Kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamar da yake so ta saɓa doka. Sai ya rusa majalisar dokoki a Mayu, ya rusa kotun a Yuni, ya yi ƙuri'arsa ranar 4 ga Agusta, ya samu ƙarin shekara uku. Wa'adinsa na asali ya ƙare a Disamba. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka shiga fadar Yamai ana tsakiyar taron ministoci, bai cika wata biyu ba a cikin shekara ukun.